Kun yi gwajin jini kafin ku fara shan bitamin? Me aka gani?

Maman Biyu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, kasala ta addabe ta, duk wanda ya zo gaishe ta kuma sai ya ajiye mata maganin ƙarin jini ko bitamin. Kala-kala take haɗiya, ba a taɓa duba jininta ba. Don Allah waɗanda suka yi gwaji su faɗa mana abin da aka gani.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Jiri da haki ne suka kai ni asibiti, aka tarar jinina ya yi ƙasa da 12, ma'ajiyar ayon (sinadarin ƙarfe da ke gina jini) ma da suke kira feritin ta kusa ƙarewa. Na ɗauka magani kawai za a rubuta mini, sai likita ta ce sai ta san ta inda jinin yake fita. Mai al'ada tana buƙatar miligiram 18 na ayon a rana, wadda ta daina kuwa 8 ya ishe ta, don haka ƙarancinsa a shekarunmu abin bincike ne. Ashe maganin ciwon gwiwa da nake sha ne ya yi mini gyambo a ciki, yana tsiyaya a hankali. Ki kai ta a duba, kada ƙarin jini ya rufe ainihin ciwon.

Goggon Yara: Ni a tafin ƙafa abin ya fara, dindiris da tsikari, ga mantuwa. Da yake ina da suga, kowa ya ce sugan ne. Da aka auna bitamin B12 sai ga shi a ƙasa sosai. Likita ya ce metformin, maganin sugan da na daɗe a kansa, yana rage tsotse shi a hanji, omeprazole na gyambon ciki ma haka, ga ruwan tsamin ciki da ke raguwa da tsufa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, folic acid da nake sha kullum yana iya gyara jinin ya fito lafiya a takarda, jijiyoyi kuwa suna ta lalacewa. Allura aka yi mini, ba a cire mini maganin suga ba. Tsikarin ya ragu, amma yatsuna har yau ba su dawo yadda suke ba. Duk wadda ta daɗe a kan metformin ta buɗe baki ta nemi wannan gwajin da kanta.

Uwargida: Ni dai ƙwaya ɗaya ta haɗin bitamin nake sha da safe, kuma lafiyata ƙalau. Ba komai ne sai an je asibiti ba.

Goggon Yara: Yaya, ƙwaya ɗaya irin taki ba ita ake tsoro ba. Kwalba kan kwalba ce matsalar, ka ga bitamin D a cikin wannan, ga shi a waccan, ba mai lissafi.

'Yar Auta: Gaskiyar Goggo. Bitamin D taruwa yake a jiki, shi ya sa aka sa iyakar 4,000 IU a rana sai in likita ne ya rubuta fiye. Wadda ta wuce 70 buƙatarta 800 ce. Na Mamarmu ya fito ƙasa da 12 ng/mL, aka ɗora ta a kan magani, aka ce ta riƙa sha tare da abinci mai ɗan maiƙo. Kalsiyam ɗin jininta kuwa daidai ya fito, har mun yi murna, sai aka ce mana jiki daga ƙashi yake ɗebowa ya cike na jini. Hoton ƙashi na DEXA ne ya nuna ƙashin ya zaizaye. Yanzu tana shan kalsiyam kashi biyu, don hanji ya fi tsotse shi idan bai wuce kusan miligiram 500 a lokaci guda ba. Wadda ta taɓa yin tsakuwar ƙoda ta sanar da likita tukuna.

Anti Malama: Ni biotin, wani nau'in bitamin B, nake sha saboda zubar gashi. Gwajin maƙoƙona ya fito kamar sinadarin ya yi yawa, saura kaɗan a rage mini maganin maƙoƙon da nake sha, sai mai awon ya tambaye ni me nake sha. Na dakata na 'yan kwanaki kamar yadda suka ce, aka sake, ya fito daidai. Hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa biotin yana rikita gwaje-gwaje, har da na bugun zuciya.

Maman Biyu: Anti, mahaifiyarmu ma tana shan maganin maƙoƙo, levothyroxine. Zai haɗu da kalsiyam?

Anti Malama: A raba su da awa 4, haka ma ayon, don suna hana shi shiga jiki. Ranar gwajin ki kwashe kwalaben duka a leda ki tafi da su, har waɗanda 'yan dubiya suka kawo, likita ya karanta adadin da ke jikin kowacce.