"Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar": ta dace da yaro mai farfaɗiya?

Maman Ishaku:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ɗana yana da farfaɗiya tun bayan sanƙarau da ya kwantar da shi yana ƙarami. Kusan duk wanda ya zo ƙarfafa ni, karin maganar nan yake kawo mini, har a zumuntar mata: "Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar." Na san da zuciya ɗaya ake faɗa, amma duk sa'ad da na ji ta sai raina ya sosu. Wa ya ce ɗana ya ruɓa? Wa ya ce na taɓa tunanin yar da shi? Yaron nan yana zuwa makaranta, yana haddace aya, yana rigima da ƙannensa kamar kowane yaro. Ku da kuka fi ni sanin Hausa, a irin wannan wurin ake faɗarta?

Baba Audu:
'Yata, ranki bai sosu a banza ba. Yadda muka ji ta a bakin iyayenmu, ana faɗarta ne kan ɗan'uwan da ya jawo wa gida abin kunya: ɗan da ya faɗa shaye-shaye, ko ƙanin da aka kama da kayan mutane. Uba ya fusata ya ce ya sallama shi, sai dattawa su zaunar da shi su faɗa masa wannan magana. Ruɓar hali ake nufi. To wane laifi mai farfaɗiya ya yi? A Yohanna sura 9 almajirai sun tambayi Ubangiji kan wanda aka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ya ce ba nasa ba ne, ba kuma nasu ba. Wanda ya faɗa miki karin maganar nan, ko bai nufa ba, ya sa ɗanki a layin masu laifi.

Talatu:
Baba, ku gafarce ni, amma ni ban ga a jefar da ita gaba ɗaya ba. Akwai gidajen da suke yankewa su yar, muna gani da idonmu. A ware wa yaro kwanonsa da kofinsa. In baƙi sun zo a tura shi ƙuryar ɗaki. A cire shi daga makaranta wai kada ya faɗi a gaban mutane. Na san wadda mijinta ya ce ai daga danginta abin ya fito, ya mayar da ita gidansu ita da yarinyar. Irin wannan mutumin, in dattawan ikilisiya suka je suka ce masa hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar, sun yi kuskure? Maganar ba ta da aibi, wurin Maman Ishaku ne bai kamata a kai ta ba. Ita da take kwana a zaune tana gadin numfashin ɗanta, wa zai koya mata riƙon nata?

Baba Audu:
Na ji ki Talatu, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ki tuna yarinyar tana da kunne. In ta ji dattawa suna lallashin ubanta da cewa ko ta ruɓa tasa ce, me za ta ɗauki kanta?

Danjuma:
Ni abin da ke damuna daban ne. A Markus sura 9, yaron da ke faɗuwa yana kumfa yana cizon haƙora, ai aljani Yesu ya fitar daga cikinsa, kuma ya ce irin wannan sai da addu'a. Mu kuma yanzu sai ƙwaya safe da yamma. Mama, ba raini ba, amma ba ki ganin in aka dage da azumi da addu'ar kwana za a rabu da abin nan gaba ɗaya? Hannun da ke ciwo ai wurin Mai warkarwa ake kai shi.

Malam Bitrus:
Ɗan'uwa Danjuma, addu'a kam ba mai hana ta, ni ma ita ce aikina. Amma mu karanta Littafin duka. A Matiyu 4:24, da aka lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu, an kuma ambaci masu farfaɗiya daban. Wato tun a lokacin ba a ɗauki kowace faɗuwa aikin aljani ba. Ubangiji ya san abin da ke cikin yaron Markus 9 domin shi Ubangiji ne. Mu da ba mu da wannan idon, in muka kalli ɗan wani muka yanke masa hukuncin aljani, nauyi muka ɗora wa gidan da ya riga ya gaji.

Kuma ku dubi abin da ya yi. Ya fara tambayar uban tun yaushe abin ya same shi. Uban ya ce tun yana ƙarami, yakan jefa shi cikin wuta da ruwa. Sai mutumin nan ya ɗaga murya ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma Yesu bai kore shi don bangaskiyarsa ta raunana ba. Na zauna da iyaye da yawa da aka ce musu rashin bangaskiyarsu ne ya hana yaro warkewa, kuma wannan ayar nake buɗe musu. Da yaron ya kwanta kamar matacce har mutane suka ce ya mutu, Yesu ya kama hannunsa ya tashe shi.

A kan karin maganar kuwa, ina tare da Baba. In ana neman abin faɗa wa uwa irin wannan, 1 Korintiyawa 12:26 ta fi: in gaɓa ɗaya tana shan wuya, duk jikin yana sha tare da ita. A nan ba ita kaɗai ce mai hannun ba, dukanmu ne.

Nas Rifkatu:
Bari in sa baki ta fannin aikina. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce: saƙonnin lantarkin da ƙwaƙwalwa ke aiki da su ne suke rikicewa na ɗan lokaci. Sanƙarau na iya barin ta, haka zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wahalar naƙuda da ta hana jariri iska, da buguwar kai a hatsari. Wasu kuma ba a gano dalilin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta ta yawu ko kumfa ko kwano. Wannan tsoron ne yake sa mutane su watse su bar yaro kusa da murhu, shi ya sa muke yawan ganin masu farfaɗiya da tabon ƙuna.

In ya faɗi, a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa zane a ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa manja ko ruwa. Ba ya haɗiye harshensa, amma cokali na karya haƙori, abin da aka ɗura kuma na iya shiga huhu. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, sai asibiti.

Maman Ishaku:
Na gode Baba, na gode Malam. Danjuma ƙanina, ba ka ɓata mini rai ba. Ina addu'a a kan ɗana kullum, ina kuma roƙon Ubangiji ya warkar da shi sarai. Amma da hannun da nake ɗora masa a ka, da shi nake ba shi ƙwayarsa, ban ga inda suka yi karo ba. Abin da ciwon nan ya koya mini shi ne in daina ɓoyewa. Da na faɗa wa malamar makarantar Lahadi gaskiya, na nuna mata yadda ake juya shi, sai na iya zama a sujada har a tashi. Yanzu in ya yi jinkirin fitowa, yaran ajinsu ne ke riƙo masa takalmansa.

Talatu:
Ni dai har yanzu ina nan a kan bakata. Ga uban da ya kori 'yarsa zan faɗe ta, sai dai ba a gaban yarinyar ba, kamar yadda Baba ya ja kunne.

Danjuma:
To Anti Rifkatu, in ikilisiya ta sa azumi da addu'ar kwana dominsa, shi yaron zai shiga? Kuma har abada zai yi ta shan maganin?

Nas Rifkatu:
Ku manya ku yi azumin ku kwana kuna addu'a, shi a bar shi ya ci abinci, ya sha maganinsa a kan lokaci, ya yi barci. Rashin barci da tsallake magani suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita. Ko phenobarbitone ne, ko carbamazepine, ko sodium valproate, ba a tsayar da shi farat ɗaya, ko da wani ya ce an karɓi warkarwa, domin hakan na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. In yaro ya yi kamar shekara 2 bai faɗi ba, likita na iya duba shi, wani lokaci da gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, ya fara rage masa a hankali. Masu zama Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, na Zariya kuma akwai asibitin koyarwa na Shika. In kuɗin magani ne ya gagara, iyaye su sanar da dattawa ko zumuntar mata tun kafin ƙwayar ta ƙare.