Tafiya Masar ga haihuwar fari na ƙaratowa: ina neman shawara

Hajiya Uwani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bara Alhaji ya yi mini alƙawarin hutun mako biyu a Masar idan ya yi ritaya, kuma an tsayar da tashi ranar 20 ga Disamba daga Kano. To ga shi yarinyar nan, ta farin, cikinta wata bakwai, likita ya ba ta 18 ga Janairu. Jikanmu na farko ke nan, kuma gida za ta dawo goyon ciki. In tafi ne ko in ɗaga?

Anti Ladi: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raba lafiya. A matsayina na ungozoma, ranar da likita ya faɗa ƙiyasi ce kawai, domin daga mako na 37 naƙuda na iya zuwa a kowace rana, ke kuwa ranar da za ki dawo gida tana cikin mako na 38.

Maman Iliyasu: Hajiya, ki saurare ni da kyau, don ni ya faru da ni. Na tafi Umara saura mako biyar a lissafin tawa 'yar, na kuma karɓi tikiti mafi araha a hannun wani ejan ba tare da na tambayi ko ana sauya masa rana ba. Kwana huɗu da saukarmu Madina jininta ya hau, aka yi mata aiki cikin dare. Na kira mutumin har na gaji, daga ƙarshe ya ce tikitin ba ya sauyuwa sai dai in sayi sabo, kujera kuma babu sai bayan mako guda. A waya na kalli sunan, ina zaune bakin gado a masauki, ƙanwata na ɗaga mini jaririn da kansa sabon aski, 'yata kuwa tana kawar da fuska don kada in ga hawayenta. Har yau abin yana raina. Idan tafiyar ta zama dole, ki biya ƙarin kuɗin tikitin da ake iya sauyawa, a kuma rubuta miki sharaɗin a takarda.

Hajiya Binta: Ki duba fasfo tun yanzu, ya kasance da sauran aƙalla wata shida.

Yaya Asabe: Da katin rigakafin shawara ma. Masar na neman sa daga masu zuwa daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, amma in kin taɓa yi ba sai kin sake ba.

Hajiya Binta: In Allah ya kai ki Alƙahira, ki sayo wa jaririn kayan auduga da tawul, audugarsu ba ta da na biyu wajen laushi.

Inna Gambo: Mu dai a gidanmu ba a sayen kayan ɗan da bai zo duniya ba.

Hajiya Binta: Inna, da girmanki, ai tanadi ba shiga gaban Allah ba ne.

Anti Ladi: Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda za a bari da ita, wanda ya san katin awonta da asibitinta, yake kuma da mota a kusa ko da tsakar dare.

Hajiya Uwani: Na gode ƙwarai. Maman Iliyasu, labarinki ya hana ni barci jiya. Na yi wa Alhaji magana da safe, ya ce zai tambaya ko za a mayar da tafiyar bayan ta yi arba'in. Wadda ta san yanayin Alƙahira a watan Maris ta taimaka ta faɗa mini.