Gane Shekarar Ƙirar Wuƙa: Shawarwarin Masu Tarawa

Masu tara wuƙaƙen da ba a naɗewa sun fi ba da ƙarfi kan abu guda, wato a fara duba hatimin da ke gindin ƙarfen, dab da ƙota, kafin a saurari labarin mai sayarwa. Sun kawo misali da wuƙar Buck 119 ta kamfanin Buck na Amurka: tun daga 1986 kamfanin yake buga wata 'yar alama kusa da lambar samfurin, kowace shekara da tata, har a 2005, shekarar da ya koma jihar Idaho ta Amurka, aka yi amfani da siffar taswirar jihar. Wadda ba ta da irin wannan alama, ko ba ta ma da lambar samfuri, ta girmi waɗannan.

A wuƙar Ka-Bar ta sojin Amurka kuwa, wurin da rubutun yake shi ne abin lura, domin a lokacin yaƙin duniya na biyu an fara buga shi a jikin ƙarfen, daga baya aka mayar da shi kan makarin da ke kare yatsu.

An yi gargaɗi game da kube, saboda sau da yawa akan haɗa tsohuwar wuƙa da sabon kube, don haka ba hujja ba ne shi kaɗai. Inda aka ɗan saɓa shi ne batun gogewa, amma ra'ayin da ya fi ƙarfi, kuma shi ne daidai a ganina, shi ne a shafa wa wuƙar mai kawai a tsayar da tsatsa, kada a wasa ta, kada kuma a ajiye ta cikin kuben fata, domin fata tana riƙe danshi.