'Yan tsiron itacen fain (pine) ɗina sai kwanciya suke ɗaya bayan ɗaya, wa ya taɓa gani?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ni sabon shiga ne a harkar bonsai, wannan sana'ar ta mutanen Japan ta rainon itace a 'yar tukunya ya tsufa bai yi tsawo ba. Ƙanena ya aiko min da irin baƙin fain na Japan guda 20 daga Jamus, na jiƙa kwana ɗaya na naɗe a tishu mai laima na sa a firij wata guda kamar yadda aka ce, duk da dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya yi ta wasa da mu, 13 suka fito. Yau saura 5 wallahi. Da safe ka gan shi tsaye lafiya lau, kafin la'asar gindin ya sirance daidai bakin ƙasa ya yi duhu, sai ya faɗi. Baƙar ƙasar da ke bayan gidanmu na zuba a robar Blue Band, suna baranda, ina ba su ruwa safe da yamma.

Maman Zainab Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanena kai ne ke kashe su da so 😂 Nima haka na yi bara, ina ta musu wanka kamar jarirai. Fumfuna ce ke cin gindin, ƙasa mai danshi da wurin da ba iska su take so, ga Kumasi kuma daga Afrilu zuwa Yuli iskar ma jiƙe take. Wanda ya faɗi ya faɗi, cire shi da ƙasar da ke gindinsa kar ya shafa wa sauran. Robar nan ka huda ta kuwa?

Ɗan Aboabo: Huda ɗaya ce Yaya, 'yar ƙarama

Baba Tafo: To ɗana ai rijiya ka gina musu. Baƙar ƙasa ta kontomire (ganyen gwaza) ce da barkono, fain ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ni abin da nake haɗawa, yashin kogi mai tsakuwa in tankaɗe a rariya in zubar da garin, marmara dakakkiya kamar ƙwayar dawa, da ɗan gawayi. In ka zuba ruwa ya kamata ka ga yana fita ta ƙasa nan take. Akadama da ake ta faɗa a bidiyo ƙasar Japan ce, kar ka wahalar da aljihunka. Ka fitar da su su sha ranar safe, ka sa yatsa, in saman bai bushe ba ka ajiye butar.

Amma bari in faɗa maka wautar da ni na tafka. Nawa ya shekara ɗaya, na zo canza masa tukunya sai na ga wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe saiwa, yana ƙamshin naman kaza, na ce shi ke nan cuta ta kama, na kai shi famfo na wanke tas har da buroshin haƙori. Sati uku ganyen ya koma ja. Ashe wannan farar fumfunar abokiyar zamansa ce, ita ke taya saiwar jawo abinci. Yanzu in zan yi dashe sai na ɗebi tsohuwar ƙasar na haɗa da sabuwa.

Rewaya Suame: Gaskiya Baba. Ni matsalata gaggawa ce, wayar jan ƙarfe na kwance daga tsohuwar fanka na naɗa wa tsiro ɗan wata uku don in lanƙwasa shi, na manta da ita, ta nutse cikin ɓawon, har yau tabon na nan kamar zanen sukurudireba. A bari karan ya fara ƙwari kuma a riƙa dubawa. Sannan chale kar ka ɗora rai da yawa kan na Japan ɗin, itacen ƙasar sanyi ne yana son hutun sanyi duk shekara, hunturunmu ƙura ce kawai da bushewa. Nawa ya yi shekara biyu yana ta ramewa. Fain na Karibiyan da ake shukawa a gandun daji nan Gana shi ya zauna min, sai dai ganyensa dogo ne. Wanda ke bakin teku a Ankara da ake ce wa wisilin fain kuma kashuwarina ne, ba fain ba ne sam, amma yana yin bonsai mai kyau kuma ba ya fushi da wuri.

Hajiya Sawaba: Ku kuna maganar fumfuna, ni akuyar maƙwabta ce ta gama da nawa guda 7 rana ɗaya ina kasuwar Kejetiya. Ku ɗora a sama don Allah.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai. Na gasa ƙusa na yi wa robar huda 8, na ɗora su kan katanga, na daina ban ruwa kwana biyu amma ƙasar ta ƙi bushewa ina ta mamaki. Sai yau da asuba na kama Hajiyarmu tana juye musu ragowar ruwan butar alwala, wai tausayi suke ba ta ina barinsu da ƙishi. Sau biyar a rana jama'a, tun ranar da suka tsiro 😭 Baba Tafo ina kake samun marmarar nan, in zo ranar Asabar?