A ɗiga wa mage maganin idon mutane?

Kawu: Ni dai na ce ido ido ne. Magen Inna ta kwana biyu tana kwantsa, a ɗiga mata ragowar maganin apolon yara a huta. Wai a kai ta wurin likitan idon dabba! Mutane ma na neman kuɗin aikin yanar ido sun rasa.

Dokta: Allah ya ƙara girma Kawu, a fara duba jikin kwalbar tukuna. Da yawan ɗigon da ake saye a kemis akwai deksametason, wani maganin kumburi, a ciki. In baƙin idon ya samu ƙujewa, ko yakushi ne na faɗa da wata mage, wannan maganin hana shi warkewa zai yi. Mikin ya yi ta ci har idon ya huje.

Kawu: Inna ta duba, ba ta ga wani miki ba.

Dokta: Ba ya ganuwa haka nan. Wani rini ake ɗigawa, fulorasin, sai a haska. Inda ya ƙuje sai ya kama kore shar. Akwai kuma 'yar takarda da ake maƙalawa a fatar ido minti ɗaya don auna hawaye, da na'urar auna hawan jinin ido. Jan ido ɗaya ne a gani, amma maganin kowanne daban.

Anti: Nan na yarda da ke. Amma maganar ƙwararre na musamman, Kawu na da gaskiya. Gatan Turawa ne kawai.

Yaya Babba: Ba gata ba ne Anti, karatu ne. A Amurka bayan digirin likitan dabbobi sai mutum ya ƙara wajen shekara huɗu, ya ci jarrabawar ƙungiyar likitocin idon dabbobi ta ACVO. Yawancin karnuka masu ciwon suga yanar ido na rufe musu ido, kuma da irin na'urar da ake yi wa mutane ake cire ta, a sa musu lens na roba. Sai dai kare dole a sumar da shi.

Anti: To mu wa ke da kuɗin wannan?

Dokta: Ba wanda ya ce a yi wa magen tiyata. Gwajin rinin kowane likitan dabbobi na iya yi. In ya gagara, ga asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Zariya.

Kawu: Kuɗin mota har Zariya saboda mage?

Inna: Ku bar musun nan. Ita ke hana ɓera cin hatsina. Dokta, gobe ki biyo ki duba ta. Kwalbar kuma na ɓoye, kar wani ya yi mini karambani.

Kawu: Ni dai har yanzu ban gamsu ba.