Abin da masana suka tsayar kan sake haɗa injin tsere

A tattaunawar da masanan suka yi, baki ya zo ɗaya a kan awo: kafin a sayi komai, a auna silinda, wato ramin da fistan ke kai-komo a ciki, da karanshaf, wato sandar da fistan ke juya ta. Tazarar da ke tsakanin sandar da metal, wato ƙarfen da take juyawa a cikinsa, kusan inci 0.001 ce ga kowane inci na kaurin sandar a wurin da metal ɗin ke zama. In ta matse, baƙin mai ba ya ratsawa, metal ya ƙone.

An fi daɗewa kan ringin fistan. In za a sa turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, a buɗe bakin ringin sama zuwa kusan inci 0.006 ga kowane inci na faɗin silinda. In ba a buɗe ba, zafi kan kumbura ringi, bakunansa su haɗu, ya ɓalle gefen fistan. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Kusoshin kan injin kuwa, a fara ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki.