Neman kalma: me za mu kira jirgin yaƙin nan "destroyer"?

Mai Shirin Tarihi: Salamu alaikum. Jibi Alhamis zan naɗi shirin rediyo a kan yaƙin ruwan Samar, a gaɓar Filifin, ranar 25 ga Oktoba 1944, kuma kalma ɗaya ta hana ni barci. Jirgin Amurka mai suna Johnston, wanda "destroyer" ne, da ma'aikata 327, ya tunkari rundunar Japan wadda a cikinta har da Yamato, ƙaton da ya ninka shi nauyi fiye da sau ashirin. Mutum 186 suka mutu. In na ce "jirgin yaƙi" kawai, mai sauraro zai ɗauka tsara ne suka haɗu, alhali abin da ya sa labarin ke taɓa zuciya shi ne ƙaramin ne ya fuskanci babba. Ku taimaka.

Malama Mai Nahawu: Wa alaikumus salam. "Mai ragargaza" ko "marushi". Larabawa ma mudammira suke cewa.

Ɗan Damagaram: Ranki ya daɗe, marushi ba ya hawa harshe. Sunan asali ma ba kowace irin ɓarna yake nufi ba. Turawa sun ƙera shi ne a shekarun 1890 don farautar ƙananan jiragen da ke harba tofido, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa. Mu nan a makaranta contre-torpilleur muka sani da Faransanci, kuma ma'anar ke nan.

Baba Tsohon Soja: Ku ce BARDE. Barde shi ne mahayin da ke gaba, mai sauri, mai kare sarki da jikinsa. Abin da Johnston ya yi ke nan: ya baza hayaƙi ya rufe jiragen dakon jiragen sama guda shida da yake gadi, sannan ya kutsa ya fasa goshin jirgin Japan Kumano.

Ɗan Sabon Gari: A ce distiroya a huta. Mota da soja ai ba a Daura aka haife su ba.

Baba Tsohon Soja: Yaro, wannan lalacin ne ke kashe harshe. Muna da barde, garkuwa, sulke, lifidi, sai mu je aron abin da bakin tsohuwa ba zai iya furtawa ba?

Ɗan Sabon Gari: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma bindiga ma aro ce, kuma ka riƙe ta shekara nawa. Mutanen Kano kullum gani suke su ke da Hausa.

Baba Tsohon Soja: Ni ba Bakano ba ne. Kuma sojan ruwan Najeriya da kansu suka sa wa babban jirginsu suna Aradu, ba su ji kunyar Hausa ba.

Malama Mai Nahawu: Aradu sunan yanka ne na jirgi guda, Baba, kuma shi wani nau'i ne daban. Damuwata da barde: sarauta ce a masarautu da yawa. Mai sauraro zai ji "barde ya nutse" ya zaci wani hakimi ne ya faɗa kogi.

Mai Shirin Tarihi: Don Allah mu dawo. Ga wurin da nake son kalmar ta ɗauki nauyi. An harbi ɗakin tuƙi, kwamandan jirgin, Ernest Evans, ya rasa yatsu a hannun hagu, ya koma can bayan jirgin yana ƙwala umarni ta wata ƙofa zuwa ga mutanen da ke juya sitiyari da ƙarfin damtse a ƙasa. Waɗanda suka tsira sun yi kusan kwana biyu cikin teku, da ƙishirwa da kifayen shak, wasu suna mutuwa a gefen 'yan'uwansu. Su da kansu "gwangwani" suke kiran irin jiragen nan, saboda ƙarfen jikinsu ba kauri. Na karanta wannan sai da na ajiye takarda.

Ɗan Damagaram: To ai ka samu rabin aikin. Gwangwani kowa ya san shi, kowa ya san yadda yake lotsewa. A bakin matuƙan ka bar shi haka. A naka bakin ka ce "jirgin yaƙi mai rakiya".

Malama Mai Nahawu: Na yarda, sai dai akwai jirgin Samuel B. Roberts da ya nutse a rana ɗaya, shi kuma ajinsa ƙasa da destroyer ne, rakiya ma tana cikin sunan nau'insa. Me za a kira shi?

Ɗan Damagaram: "Ƙaramin mai rakiya". Bai yi daɗi ba, amma zai kai Alhamis.

Baba Tsohon Soja: Rakiya aikin 'yan kai amarya ne. Mutanen da gawarsu ke kwance fiye da mita dubu shida a ƙarƙashin teku sun fi ƙarfin wannan kalma.

Mai Shirin Tarihi: Gaskiyarka Baba. Ga abin da zan yi: farkon ambato "jirgin yaƙi mai rakiya, mai sauri", na faɗi sunan Turancin sau ɗaya. A wurin da Johnston ya juya ya tunkari abokan gaba zan ce "ya fita kamar barde". Tofido fa, na bar shi haka?

Baba Tsohon Soja: "Kamar barde" ba barde ba ne. Amma zan kunna rediyo. Tofido kuma kada ka sake ka naɗa sai mun zauna a kansa gobe.